Barewa a Idon Sabuwar Kyamara

Zuwa ga maigidana, Baban Barewa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na madatsar ruwa. Yaya rana, yaya ciwon bayan nan? Allah ya sa shafa maganin kake yi, ba ƙasan akwati ka tura shi ba. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya wa ɗanta gwiwa ce ta gaji, baki yana nan da ƙarfinsa. Shago ma alhamdu lillahi, ɗinkin kayan makaranta ya taso mu a gaba.

Tunda wayarka ba ta kamawa sai ka hau tudu, ga saƙo ta hannun direban kamfaninku kamar yadda muka saba.

Albishirinka. 'Yarka ta zo ta ɗaya a gudun zagaye biyu na gasar makarantu, ta bar ta biyu a baya da tazara mai kyau. Na yi ihu har ɗankwalina ya zame. Ka ce in ɗauko maka hoto, na kuwa ɗauko, ga su nan cikin ambulan, amma kar ka yi dariya. Na farko fili ne wayam da fararen layuka, to ta nan ta wuce. Na biyu diddigen wata yarinya ne da ban san 'yar waye ba. Na uku tumbin Koci ne, malamin wasanninsu, ya gitta ta gabana daidai lokacin. Na huɗu, baƙin tabon nan da ke can kusa da tuta, ita ce. Ka yarda da ni kawai.

Laifin ba nawa ba ne duka. 'Yar kyamarar aljihun nan da ka saya mini shekarun baya, idan na danna sai ta tsaya kamar wadda aka tasa daga barci, kafin ta ɗauka yarinya ta yi gaba. Idan na zuƙo abu daga nesa, hoton ya dagule. Wayata kuma ta fi ta taɓarɓarewa in abu ya yi nisa. Ban taɓa ganin aibinta ba sai yanzu, don riguna nake ɗauka da ita a shago, riga kuwa ba ta gudu.

Na zaci lalacewa ta yi, sai na kai ta wurin mai kyamara na bayan gidan waya, wani dattijo da kullum tabarau yake a goshinsa. Ya jujjuya ta, ya ce lafiyarta ƙalau, iyakar ƙarfinta ke nan. Ya miƙo mini wata ƙatuwa irin ta masu ɗaukar hoton taro. Da na ɗaga sai na ji kamar kan keken ɗinki na runguma, na ce masa wannan sai da ɗan dako. Sai ya ciro wata 'yar madaidaiciya, da kaɗan ta fi tawa girma, ya ce wannan marar madubi ce. Na ce ai ni ba kwalliya zan yi ba, me ya haɗa ni da madubi? Ya yi dariya har tabarau ya sauko hanci.

Ga yadda ya bayyana mini. Manyan nan akwai ɗan madubi a cikinsu da yake tura hoto zuwa idon mai ɗauka, duk dannawa sai ya ɗaga ya koma, shi ne ƙarar nan da ake ji, shi ne kuma yake sa su girma da nauyi. Wannan an cire mata shi, haske kai tsaye yake faɗawa kan farantin da ke kama hoto. Farantin nata ya kusa na manyan, ya ninka na 'yar tawa nesa ba kusa ba. Gilashin gaban kuma ana cire shi a sa wani, gajere ko dogo. Ya ce in auna wani mai babur da ke wucewa, in danna in riƙe. Baban Barewa, har zaren da ya fito a hannun rigar mutumin na gani.

Ban saya ba. Na mayar masa na dawo gida, amma tun ranar tana raina.

Wani labarin kuma. Koci ya ce ƙarshen zangon nan za a yi gwajin ɗaukar yara makarantar wasanni, wadda aka ɗauka karatu kyauta har ta gama. Ya sa sunan Barewa. Na san abin da wannan yake nufi a wurinka, kai da ka bar gudu ba da son ranka ba lokacin da Baba ya rasu ka kama aiki.

Ka kula mini da kanka. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Maman Barewa

*

Baban Barewa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarka ta iso, mun ji kana lafiya, mun gode Allah. Na ji kuma ka manna hoton tumbin Koci a bangon ɗakinku har abokanka suna gaishe shi da safe. Allah ya shirye ku.

To, na sayo. Ta hannu ce, wani ya yi amfani da ita kaɗan ya canza. Na haɗa da ɗan gajeren gilashi na cikin gida da dogo na fili. Daga aikin hannuna na biya, saboda haka kar ka ɓata tawada wajen tambaya. 'Yar tsohuwar na bar wa yaran shago su riƙa ɗaukar riguna.

Kwanakin farko na sha wahala. Maɓallai ne ko ta ina, gaba da baya da sama, ni da na saba da guda ɗaya tal. Na taɓa wani abu hotuna suka koma shuɗaye, Inna ta fito kamar wadda aka tsoma a ruwan baba na marina. Na koma wurin dattijon a fusace. Ya ce in bar ta a kan harafin da take yi wa kanta komai, in riƙa koyon abu ɗaya duk mako, kamar yadda ba a fara koya wa yarinya ɗinki da wuyan riga. Wannan maganar ta shige ni. Yanzu na iya abu biyu: sa ta ɗauka da sauri don mai gudu ya tsaya cak, da sa bayan mutum ya yi dishi-dishi shi kaɗai ya fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar tagar da ake leƙawa. Abin da ka gani a ciki shi zai fito. In hoton zai yi duhu, tun kafin ka danna za ka ga duhun, ka gyara. Akwai kuma wani ɗan koren akwati da yake bin idon mutum duk inda ya juya, ko da gudu yake. Allon bayanta yana ɗagowa, sai in riƙe ta a cinya ina kallo daga sama, ba sai na durƙusa a gaban jama'a ba. Tana shiga jakar hannuna tare da tef da almakashi. In na so kuma, ko ƙis ba ta yi.

Aibinta ma kar in ɓoye. Tana shan batir kamar me, ranar farko a fili ta mutu mini ana tsakiyar gudu, dole na sayi na biyu. In za ka canza gilashi, cikinta a buɗe yake, ƙura tana shiga. Na yi mako ina ganin ɗigo a sararin sama na kowane hoto, na zaci tsuntsu ne yake bi na.

Ka san ɗakin Inna da duhu, ka san kuma yadda ta tsani walƙiyar kyamara, ta ce tana kashe mata ido. Rannan da hantsi tana zaune bakin taga tana gyara maɓallin tsohuwar rigarka, na ɗauke ta ba walƙiya, ba ƙara, ba ta ma sani ba. Da na wanko na nuna mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan tsohuwar ta yi kama da uwata." Ta sa shi ƙarƙashin matashi. Ga naka nan.

Babban kuma, wanda na sa a tsakiyar kwali don kar ya lanƙwashe, ka buɗe shi a hankali. Barewa ce a kwanar ƙarshe, ƙafafunta biyu duk a sama, ba wadda ta taɓa ƙasa. Ka dubi hannunta, ka dubi haɓar. Kai ne sak. Wannan karon ba sai ka yarda da ni ba, idonka zai gaya maka.

Tsarin atisayen da ka rubuto mata ta manna shi a bango saitin gadonta, tana bin sa ba fashi, har da na ranar hutu da ka ƙara. Ta rage surutu kwanan nan, tana dawowa sai ɗaki. Na ce gajiya ce da zullumin gwaji.

Inna ta ce ka rage shan shayi mai sukari. Ni kuma na ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya bar mu tare.

Taka,
Maman Barewa

*

Baban Barewa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma da sauƙi. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka hau tudu neman waya. Ba wanda ya mutu, ba wanda yake kwance a asibiti.

Barewa ba za ta yi gwajin mako mai zuwa ba. Ni na cire sunanta.

Ranar Asabar na bi ta atisaye. Na zauna can saman benci da dogon gilashi, nesa da su, don Koci ba ya son iyaye a bakin layi. Na sa kyamarar a kan ɗauka a jere, wato in ka danna ka riƙe sai ta yi ta ɗauka ba tsayawa, kowane taku da hotonsa. Niyyata in samo maka wanda ya fi na baya. Da idona ban ga komai ba, gudu take yi kamar kullum, Koci har tafi ya yi mata.

Ranar Litinin da azahar na je wurin dattijon in zaɓi na wankewa. Ya buɗe su a babbar kwamfutarsa muna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga abin. Duk hoton da ƙafar dama ce a ƙasa, fuskar 'yarmu ce da muka sani. Duk wanda ƙafar hagu ta sauka, fuskar ta yamutse, ido a runtse, haƙora a cije, tafin ƙafar kuma ya karkace waje kamar tana taka garwashi. Taku na gaba fuskar ta koma daidai. Haka, haka, har ƙarshen zagaye. Abu ne na ƙiftawar ido, ba mai iya kama shi daga benci. Akwai kuma na bayan an gama. Ta juya wa Koci baya kamar tana ɗaure takalmi, alhali ƙwaurinta ta riƙe da hannu biyu, bakinta a buɗe. Ba ta san ina ɗauka ba, ga nisa, ga kyamara ba ƙara.

Dattijon ya turo mini kujera. Na ce ya buɗe mini na makonnin baya. Yamutsewar fuskar tana nan a cikinsu ma. Hoton nan da na aiko maka tana sama, wanda ke bin sa kai tsaye shi ne saukarta a ƙafar hagu. A lokacin na wuce shi da sauri, na ce fuskar ba ta yi kyau ba.

Da Barewa ta dawo daga makaranta na kira ta ɗakina na rufe ƙofa. Ban yi faɗa ba. Na ɗago allon kyamarar na miƙa mata, na ce ta wuce da kanta. Ta kalli uku ta ajiye. Ta ce, "Umma, kowa haka yake yi in yana gudu." Na ce to miƙo ƙafar. Na ɗora babban yatsana a kan ƙashin, ƙasa da gwiwa da kamar taƙi ɗaya, ban ma danna sosai ba. Ƙarar da ta yi sai da Inna ta taso da sandarta. Da ta samu numfashi, abin da ta fara cewa shi ne, "Don Allah kar ki gaya wa Abba. Saura kaɗan. In na yi gwajin sai in huta."

Washegari muka je asibiti aka yi hoton ƙashi. Likita ta nuna mini wani siririn layi kamar gashi a ƙashin ƙwauri. Ta ce tsagewa ce irin wadda yawan gudu ba hutu yake kawowa, ta daɗe tana ci a hankali. In aka huta watanni za ta haɗe sumul. In aka ci gaba, tana iya karyewa gaba ɗaya ana tsakiyar gudu, daga nan sai aiki da ƙarfe, kuma ba ta yi alkawarin ƙafar za ta koma yadda take ba. An sa mata wani takalmi mai tauri har gwiwa, an ba ta sanduna biyu.

Daga asibiti na wuce wurin Koci. Ransa ya ɓaci ƙwarai, na ga alama da gaske bai sani ba. Amma ya ce tunda gudu ɗaya ne, ana iya ɗaure ƙafar tam a ba ta maganin ciwo, dama irin wannan ba ta zuwa kullum. Na ce ƙafar ma ba a sayar da ita a kasuwa. Na ce ya cire sunan, na tsaya a kansa har ya cire.

Na san ya kamata a ce da shawararka. Na gwada wayarka har na gaji, direba kuma sai ƙarshen mako, sunaye kuwa a ranar ake miƙa su. Ko da na same ka, gaskiya abin da zan yi ke nan.

Na sa maka hotunan a jere yadda aka ɗauke su, na rubuta lamba a bayan kowanne. Ka kalle su da rana, ba a gajiye ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba mu haƙuri.

Matarka,
Maman Barewa

*

Baban Barewa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Na ji muryarka a shaƙe ranar da ka kira, ban sani ba ko mura ce ko fushi ne kaɗai. In mura ce ka nemi magani.

Na ji maganganunka, waɗanda iska ta bari na ji. Ka ce na yi gaggawa. Ka ce likitoci sun iya tsorata mutane. Ka ce kai ka taɓa gudu da idon sawu a kumbure ka ci, ba abin da ya same ka. Ka ce tunda na sayi kyamara na zama likita. Ban amsa ba a lokacin don yaran shago suna kusa, kuma layin ya yanke. Ga amsar yanzu. Na kai hoton ƙashin wurin likita na biyu a wani asibitin daban, don kar ka ce. Maganarsa ɗaya da ta farkon, har ya ƙara da cewa mun yi sa'a. Ni ban zama likita ba. Tela ce ni, na san yadda yadi yake in ya fara yagewa daga baki aka ci gaba da ja.

Ba kai kaɗai kake fushi da ni ba, in hakan zai sanyaya maka rai. 'Yarka ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ta sa wa kyamarar suna Munafuka. In ta ga jakata sai ta juya fuska bango. Na cire batir na sa ta cikin durowa ƙarƙashin zannuwan gado, tun ranar ban taɓa ta ba. Ni ma na ɗan tsargu. Na ɗauki yarinya a lokacin da take zaton ba mai ganinta, ko da alheri ya fito, na gane abin da ya yi mata ciwo.

An yi gwajin. Ta ce sai ta je kallo, na kai ta a tasi. Ta zauna da sandunanta a gefe. Ƙawarta Cinnaka, 'yar ƙaramar nan da kullum take zuwa ta biyu a bayanta, ita aka ɗauka. Barewa ta tafa mata, ta rungume ta, ta yi mata murna da fuska a sake. A mota muna dawowa ta kifa kai a gwiwa har gida. Ban taɓa ta ba, don na san ba ni take so ba a lokacin.

Inna take yi wa magana. Tana shiga ɗakinta da yamma su rufe ƙofa, ɗaya da sanda ɗaya, ɗaya da biyu, Inna ta ce sun kafa ƙungiya. Jiya Inna ta kira ni ta gaya mini abin da yarinyar ta ce, ta kuma ce in rubuta maka ba ragi. Barewa ta ce ciwon ya fara tun kafin gasar makarantu. Ta yi niyyar faɗa, sai takalmin gudun nan mai ƙusoshi da ka aiko ya iso, da takardarka kana cewa duk ranar da rana ta gasa ka a wurin aiki, in ka tuna gudunta sai ka ji sanyi. Ta ce wa Inna, "Abba yana can yana wahala saboda ni. In ban yi gudu ba, me zan rubuta masa?"

Inna ta ce in ƙara da nata. Ta ce ranar da ka yi gudu da idon sawu a kumbure, ita ta yi mako tana gasa maka ƙafa kana kuka, ko ka manta ita ba ta manta ba.

Nawa ɗan kaɗan ne. Na san don ƙauna kake yi, ita ma ta sani. Amma takardunka gare ta suna nan a bangon ɗakinta, duk na karanta. Lokaci nawa ta yi, zagaye nawa, me Koci ya ce. Ka san ita ta fi kowa lissafi a ajinsu zangon nan? Ka san ta iya yanka hannun riga, ba wanda ya koya mata, kallo kawai take yi a shago? Ban gaya maka ba, don ni ma labarin gudun nake ba ka, shi na ga yana faranta maka.

Ba sai ka amsa mini ba. Ita ka rubuta wa.

Allah ya huci zuciyarka. Ina nan yadda ka san ni.

Maman Barewa

*

Maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan murar ta sake ka. Ashe da gaske mura ce, to ka yafe rabin zargin.

Takardarka ta iso, mai sunanta a baya. Ban buɗe ba, ban kuma tambaya ba. Ta shiga ɗaki da ita ta daɗe. Da ta fito idonta ja, ta wuce kicin tana dogara sanda, ta zuba abinci ta cinye ta ƙara. Wannan ba ta manna ta a bango ba, ban san inda ta ɓoye ta ba. 'Yar guntuwar da ka sako mini ni ma na gani. Layi biyu ne, amma sun isa. Na haƙura.

Kyamara ta fito daga durowa, kuma ba ni na fito da ita ba. Mahaifiyar Cinnaka tana sayar da kaya a kasuwa, ba ta samun zuwa fili, ba ta taɓa ganin 'yarta tana gudu ba. Cinnaka za ta yi gasarta ta ƙarshe kafin ta tafi sabuwar makaranta. Ranar Alhamis ina yanka a tebur sai ga Barewa a bakin ƙofa, tana kallon ƙasa, ta ce, "Umma, Munafukar nan tana da caji?"

Muka je tare. Na fara ɗauka, tana gefena tana gyara mini: ba nan ba, jira ta fito kwana, yanzu za ta buɗe taku. Da na gaji da umarni na rataya mata igiyar a wuya na ce bismilla. Na nuna mata koren akwatin da inda ake dannawa, shi ke nan. Ta ɗora dogon gilashin a kan sandarta don kar hannu ya yi rawa, dabarar da ni ban taɓa tunani ba. Hotunanta sun fi nawa, ba na jin kunyar faɗa. Ta san abin da mai gudu zai yi kafin ya yi. Mahaifiyar Cinnaka ta rataye ɗaya a rumfarta, duk wanda ya zo saye sai ya ji tarihi. Mun yi yarjejeniya da Barewa: ba na ƙara ɗaukarta sai ta sani. Ita kuma ba ta ƙara ɓoye mini ciwo.

Abokin aikinka da ya ce a tambaye ni ko ya canza tasa 'yar aljihun, ka ce masa ya duba abin da yake ɗauka. In mutane ne a tsaye cikin rana suna murmushi, ya riƙe abarsa. In yara ne da ba sa zama, ko cikin ɗaki, ko abu mai nisa, marar madubin za ta yi masa, kuma ba za ta karya masa wuya ba. Ya sayi batir biyu tun ranar farko. Kar ya bari a cika shi da gilasai, ɗaya ya isa har hannu ya faɗa.

Mun koma asibiti. Likita ta ce ƙashin yana haɗewa yadda ake so, an rage mata sanda ɗaya. Ta ce in komai ya tafi daidai, baɗi tana iya komawa fili a hankali. Koci ya ce ana gwajin duk shekara, kuma shekarunta ba su wuce ba. Barewa dai ba ta ce za ta koma ba, ba ta ce ba za ta koma ba. Ban tambaye ta ba. Kai ma ina roƙonka kar ka tambaya.

Mun ji daɗin hutun da ka samu. Inna ta sa an wanke labulen ɗakinka sau biyu, ta ce na farkon wankin 'yan boko ne. Ka taho da maganin bayan, in ga ko an taɓa shi.

Saura abu ɗaya, kuma ka yi kamar ban gaya maka ba. Kwana biyu ke nan tana gwada tafiya ba sanda a tsakar gida, likita ta yarda in dai kaɗan ne. Jiya ta taka daga ƙofar falo har bakin get, tana yi tana hutawa, gumi har wuya. So take ranar da za ka iso ita za ta buɗe maka. Saboda haka in ka sauka daga mota ka ƙwanƙwasa, kar ka sa makullinka. Za ka ji takunta daga ciki, ɗaya mai nauyi ɗaya marar nauyi. Za ta daɗe. Ka ajiye jakarka a ƙasa, ka jira ta.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Maman Barewa